Inuwar Sanda a Watan Disamba

Skarvik, 9 ga Fabrairu

Maigidana Halvard,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na jirgi. Yaya teku, yaya kuma ciwon bayan? Ina fata kana shafa maganin. Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake, kuma tunda ba ka kusa, takarda ce za ta sha.

Sakamakon jarrabawar kimiyya ta ƙasa ya fito. Ajina, yara goma sha ɗaya, su ne kutal a duk lardin. Na nemi takardun na duba da idona. Tambaya ta bakwai hoton sanda ne kafe a ƙasa, aka ce wa yaro: ka fita filin makarantarku da tsakar rana a watan Disamba, wace inuwa za ka gani? Zaɓi huɗu, kowanne da inuwarsa, kuma tambayoyi uku na gaba duk a kanta suka rataya. Mu da muke can ƙuryar arewacin duniya, rana ke ɓace mana tun ƙarshen Nuwamba, ba ta leƙowa sai Janairu ya yi nisa. Wanda ya rubuta wannan tambaya bai taɓa wuce birnin Oslo ya yo arewa ba.

Ka san Ingunn, jikar tsoho Oddvar mai gyaran raga. Duk shekarun da na yi ina koyarwa ban ga yarinya mai lura irinta ba. Ta ƙi zaɓar ko ɗaya, ta rubuta a gefe: "Babu inuwa, domin babu rana. Ku sake tambaya a watan Yuni." To na'ura ce ke ba da maki, akwatin da aka cike kawai take gani. Aka ba ta sifili. Yara takwas, har da ita, haka suka yi. Ukun da suka ci kuwa, da bakinsu suka gaya mini canka suka yi.

Da ma majalisar gari neman dalili take ta rufe makarantar, ga shi an miƙa mata a faranti. So suke a riƙa kwasar yaran a bas zuwa birni, tafiyar awa ɗaya da rabi a kan ƙanƙara.

Na samu shugaban makarantarmu Torgeir a ofis. Ko kofin kofinsa bai ajiye ba ya ce, "Haba Torunn, ki koya musu amsar da ake so mana, kowa ya huta." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, in za ka fito mini da ranar, gobe ma sai in koya." Bai yi dariya ba. Na rubuta wa masu shirya jarrabawar.

Ka gaida abokin aikinka Steinar. Ka kula da kanka.

Taka,
Torunn

Skarvik, 6 ga Maris

Maigidana,

Bayan gaisuwa, na ji daɗin jin cewa kifi ya samu kuma bayan ya yi sauƙi. Mamarka tana gaishe ka, tarin nata ya lafa.

Amsar masu shirya jarrabawar ta zo, layi biyar. Wai sun gode da sha'awar da na nuna. Wai an gwada tambayar a kan yara dubu biyu kuma ta yi aiki. Wai canza maki ga makaranta ɗaya rashin adalci ne ga sauran. Adalci, Halvard. Sau uku na karanta.

Amma ba wannan ya fi ƙona mini rai ba. Ranar Talata muna auna zafin ruwan teku, Ingunn ta riƙe fensir ta kasa rubutawa. Ta ce, "Malama, abin da na gani zan rubuta, ko akwai wanda ake so?" Yarinyar da a da sai na roƙe ta ta yi shiru. Cikin wata ɗaya sun koya mata abin da zai ɗauke ni shekaru ban kankare ba.

Shi ya sa a taron majalisa na jiya na tashi na karanta tambayar da ƙarfi, duk da an hana mu fitar da ita. Sai Oddvar ya miƙe da sandarsa ya ce wa shugabar majalisa, "Ke Gunvor, a nan aka haife ki, ni na koya miki tuƙa kwalekwale. Faɗa mana amsar, na ɗaya ko na biyu?" Mutane suka kwashe da dariya, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana juya takardu.

An kaɗa ƙuri'a. Makaranta ta tsira da rinjayen mutum ɗaya, na shekara guda kawai. Makin yaran yana nan yadda yake. Ni kuma yau da safe Torgeir ya miƙo mini takardar dakatarwa ta mako uku saboda tona asirin jarrabawa, yana kallon bango.

Kada ka ce in yi haƙuri, ban shirya ba tukuna. Na samo adireshin makarantu goma sha tara da ke arewa da mu, waɗanda su ma ba sa ganin rana a Disamba, kuma yanzu ina da mako uku da ba ni da aikin komai. Na riga na rubuta wa huɗu mu haɗa kai, kada a sake cewa makaranta ɗaya ce.

Ka dawo lafiya. Ina kewarka ƙwarai.

Matarka,
Torunn