Saboda Yatsu Biyu

Modena, tara ga Oktoba, 1698

Zuwa ga Lelio, sanyin idona kuma ciwon kaina, inuwar zaitun da nake fakewa da tsakar rana, zaƙin ɓaure a bakin mai azumi, ruwan farko a kan busasshiyar gona, makaɗin gogen da babu na biyunsa daga wannan teku zuwa wancan, kuma babban wawan da wata uwa ta taɓa haifa a ƙasar nan.

Wasiƙarka ta iso ranar Talata, hannuna dumu-dumu cikin kwatarniyar hanjin tumakin da muke murza tsirkiya da shi. Sai da na wanke hannu sau uku don kada in ɓata maka takarda. Ka ji fa, sau uku! Da na san abin da ke ciki, da hannun nan mai ƙarni zan buɗe ta, don shi ya dace da ita.

Wai ka sake ni daga alkawari. Wai ka ga wata mawaƙiya a fadar yariman Jamusawan da kake wa kiɗa, mai gashi kamar nunanniyar alkama, zuciyarka ta koma can. Wai in auri mutumin kirki in manta da kai. Haba Lelio! Ni za ka shirga wa ƙarya? Kai da ko ɓallin cuku ka ɗauka a ɓoye sai kunnuwanka sun yi ja? A shafin farko sunanta Katarina, a na biyu ta koma Kristina. Wane irin masoyi ne yake mance sunan wadda ta sace masa zuciya kafin tawada ta bushe?

Duk da haka na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Kwana biyu ko miya ba ta wuce maƙogwarona ba. A na uku na share ido, na yi tunani irin na 'yar mai tsirkiya. Shekara huɗu kana can, ba ka taɓa yin wata biyu ba ka aiko a kai maka tsirkiyar gidanmu ba, kana mita wai ta Jamus kauri gare ta kamar igiyar guga. Rabonka da aike tun kafin bikin Ista. Makaɗin da ya yi wata bakwai bai tsinka tsirkiya ba, ai ba ya kiɗa. Sai na ɗauko kiɗan da ka rubuto da rani don in kwafe wa cocinmu, na sake dubawa. Ina gudun nan naka, inda yatsu ke hawa kamar tsattsewa ta nufi sama? Ina wurin da kake sa tsirkiya biyu su yi magana lokaci guda? Duk ka tura wa mai goge na biyu. Kanka kuwa ka ba wa dogayen amo masu tafiyar hawainiya, irin waɗanda tsoho zai ja yana gyangyaɗi. Kai, da ko a kiɗan jana'iza ba ka yarda wani ya sha gabanka!

Allah da ikonsa, sai ga abokinka Mauro mai babban goge ya dawo daga can don binne mahaifiyarsa. Na bar shi ya yi makokinsa, ranar Lahadi na tare shi a ƙofar coci. Ya fara kame-kame, yana duban takalminsa. Na ce, "Mauro, ɗago ka dube ni. Ko ka faɗa mini gaskiya, ko in je in faɗa wa matarka a gidan wa ka mance hularka ranar bikin inabi."

Ya ce, "Orsola, ki ji tsoron Allah, rantsuwa fa ya sa na yi."

Na ce, "Ga limamin coci can, ka je ya yafe maka bayan ka gama."

Nan ya amayar da komai. Yatsu biyu ne na hagu, ƙarami da maƙwabcinsa. Tun sanyin bara suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa. Likitan fada ya tsaga, ya gasa, ya shafa, duk a banza. Ka yi ta ɓoyewa har ranar da hannun ya ƙi ka a tsakiyar kiɗa, gaban yarima da baƙinsa, ka sauke goge ka sunkuya ka fita. An ba wani kujerarka. Yanzu kana wani ɗaki a saman gidan mai burodi, ba ka fita, ba ka buɗe taga. Na ce, "To, mawaƙiyar fa?" Ya ce, "Mace ɗaya ke shiga ɗakin nan, tsohuwar da ke kawo masa miya, ita kuwa haƙoranta uku."

Yatsu biyu! Ya hasken safiyata, ya kurciyar da ta ƙi komawa sheƙa, saboda yatsu biyu za ka zubar da shekara bakwai kamar ruwan wanki? Yatsu ka ji na ce ina so? Da yatsu na yi alkawari a gaban iyayenmu?

Ka tuna ranar da ka nemi aurena? A gonar inabin Kawu Prospero, ana tsinka, da la'asar sakaliya. Ka durƙusa, ka kama hannuna, ka ce, "Orsola, tun ranar da na fara..." Sai amalanken shanu ya wuce, ƙafarsa na kuka ƙii, ƙii. Na ga idonka ya tafi. Ka saki hannuna, ka zari gawayi a murhun masu aiki, ka ja layi biyar a jikin farar rigar aikina, kana ɗiga baƙaƙen kiɗa kana cewa, "Kada ki motsa, kada ki motsa!" Na tsaya ƙiƙam kamar garu, matan gona suna dariya har da riƙe ciki. Da ka gama na ce, "To, me ka fara faɗa ɗazu?" Ka ce, "Au, ban ƙarasa ba?" A ranar ko goge babu a hannunka, Lelio. Abin da na gani har na ce na yarda shi ne mutumin da ke jin waƙa a cikin kukan amalanke. Shi ma kunnen ya lanƙwashe ne?

Shekara huɗu ina jira kamar kurangar inabi a lokacin sanyi, ba ganye ba 'ya'ya, amma saiwa na nan da ranta. Baba kullum sai ya ce wadda ta auri makaɗi ta auri iska. Mahaucin da ke kawo mana hanji ya zo da maganarsa sau biyu, sau biyu na raka shi ƙofa. Duk siririyar tsirkiyar da na murza, kai nake gani. Nakan tuna tabon nan da goge ya yi maka a ƙarƙashin haɓa, har hannuna ya tsaya, sai Baba ya daka mini tsawa. Ba ƙaryar ce ta fi ƙona mini rai ba. Wata bakwai kana zaune da wannan baƙin ciki kai kaɗai, ka auna ni kai kaɗai, ka yanke cewa ni mai son tafi ce, idan tafi ya ƙare zan kama gabana. Wa ya ba ka izinin yi mini wannan hukunci?

Na kai wa mahaifiyarka wasiƙar na karanta mata. Mama Zanobia ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta ce, "Halin ubansa ne sak. Shi ma da ya karye a ƙafa, kwana uku ya ɓuya a rumbu don kada in gan shi yana ɗingishi. Je ki jawo mini shi, 'yata."

Ban ce maka yatsun za su miƙe ba, ban sani ba. Wataƙila ba za ka sake tsayawa gaban jama'a da goge a kafaɗa ba, kuma na san wannan rashi ne babba. Zan zauna makokinsa tare da kai, iya kwanakin da kake so. Amma idan an share makoki, akwai aiki. Hannun damanka lafiyarsa ƙalau, yana riƙe alƙalami. Garin nan cike yake da masu yatsu goma da ba su da abin kaɗawa. Kai ka rubuta, ni in kwafe, su su yi gumi.

Ayarin alfadaran Kawu Prospero zai tashi ranar Litinin, kafin ƙanƙara ta toshe hanyar duwatsu, kuma alfadari ɗaya nawa ne. Baba ya yi faɗa kwana biyu, jiya kuma ya jefo mini bargonsa na ulu. Wasiƙar nan za ta riga ni da kamar kwana goma, saboda haka kada ka ɓata tawada wajen amsa, ba za ta same ni ba. Kada kuma ka yi tunanin sauya gida. Ka aske gemu, ka ci abinci, sannan ka fita ka nemo limamin coci, ko da wanda ba ya jin harshenmu ne. Ni dai zan hau duwatsun nan ina budurwa, amma na rantse da Maryamu ba zan sauko haka ba.

Taka kai kaɗai, yau da gobe, har ranar da za a kwantar da mu gefe da gefe a inuwar coci ɗaya, ko kana so ko kana taurin kai,

Orsola