Mai Huda Min Tiyo

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mun gama haɗawa da la'asar. Duro a kan gadon katako, rariya a bakin famfo, siririn tiyo layi goma sha biyu, kowane tushen tattasai da 'yar hudar da za ta riƙa ɗiga masa ruwa. Lambu na goma sha tara ke nan da na haɗa wa manoma tun da na fara aiki da ƙungiyar nan ta taimakon manoman rani, amma babu wanda ya sha min kai kamar na ubana. Baba ya kifa bokiti ya zauna, ko tsinke bai ɗaga ba. Da na buɗe famfo sai ya ce, "To, Auta, yaushe ruwan zai zo?" Na ce ai ya zo. Ya ce wannan ai hawaye ne. Mai Albasa, maƙwabcinsa na lambu, har da riƙe ciki.

Su yi ta dariyarsu. Rijiyar ta ja baya, guga sai ya taɓo laka. Bokiti sittin a rana ba zai yiwu ba bana, duro biyu zai yiwu. Kuma Yaya ya faɗa da bakinsa: in tattasan bana ya mutu kamar na bara, zai ba masu buga bulo filin, ya ɗauke Baba ya kai shi gidansa. Baba a bene hawa na uku! Wata biyu ba zai yi ba. Ni na ce wa Yaya ya ba ni rani ɗaya.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Rariya ta toshe. Sau uku na nuna wa Baba yadda ake wanke ta, yana ta "to, to" yana kallon wani wuri.

Talata, 11 ga Fabrairu

Wallahi yau kamar in fashe. Kwana huɗu kawai ban leƙa ba. Tattasan da ke kusa da duro yana tsaye cikin taɓo, na ƙarshen layi kuwa ya yi laushi, ganye ya sunkuya. Na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya. Wani ya bi hudojin farko ya faɗaɗa su, ruwa yana tsiyaya a nan kamar bakin buta, kafin ya kai ƙarshe ya ƙare. Layi biyar! Hudar nan da gangan aka yi ta ƙarama, don na kusa da na nesa su sha daidai. Na faɗa, na maimaita, har na zana a ƙasa.

Na tambayi Baba, ya ce shi bai ga kowa ba. Na yanka tsohon tub na keke na ɗaɗɗaure wuraren, yatsuna duk sun yi kanta. Na san aikin wane ne. Tun ranar farko Mai Albasa yake wannan dariyar.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na tare Mai Albasa a bakin shingensa. Ban gaishe shi da kyau ba, kuma ban yi nadama ba. Na ce in bai son abin a lambunsa ba wanda ya tilasta shi, amma ya fita harkar na mutane. Ko a jikinsa. Ya ci gaba da cire ciyawa, can ya ce, "Injiniya, kafin ki haura shinge, ki fara tambayar gida." Na yi tsaki na tafi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

An sake hudawa. Layi uku. Tushe tara sun tafi, ba za su dawo ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na yi sammako ban gaya wa kowa ba. Ga shi nan tsugune a layi na huɗu, da ƙusa a hannu, yana laluben tiyo yana sokawa. Ubana. Wanda nake wannan wahalar dominsa, nake barin lambunan mutane ina zuwa nasa, nake jin baƙar magana wurin shugabanmu a ofis wai na mai da babur ɗin aiki na gidanmu.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce, "Baba, so kuke a sayar da wurin nan? Ku faɗa min in huta!" Na ce shekara arba'in yana noma amma ya kasa gane abin da matan da ba su taɓa shiga aji ba suka gane a yini ɗaya. Na faɗi haka. A gaban Mai Albasa na faɗa. Baba ya miƙe, ya sa ƙusar a aljihu, ya ce ƙasar a bushe take, shi ba zai tsaya yana ji shuka na mutuwa da ƙishi ba. Na ce sama ce a bushe, ƙasa a jiƙe take, haka abin yake aiki!

Na rubuta wa Yaya saƙo mai tsawo, komai da komai. Ya zo ya ɗauki abinsa, ni na gaji. Caji ya ƙare kafin in tura. Gobe zan tura.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Ban tura ba. Ba don komai ba, aiki ya yi yawa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na je da niyyar in nuna masa karo na ƙarshe, don kada a ce ban yi ba. Na buɗe famfo, na kai shi wani tushe mai lafiya, na ce, "Baba, ku duba, ga ɗigon nan, ku ƙirga da kanku." Ya sunkuya. Ya ce, "Eh, na gani." Amma inda ya zuba ido ya kai taƙi guda daga hudar. Wani ɗan dutse yake kallo.

Na sa yatsa na toshe hudar, ruwa ya tsaya cak. Na ce, "Yanzu fa?" Ya ce, "Yana ɗiga."

Ashe ba ya gani. Sai yanzu na lura ba takalmi a ƙafarsa, kuma tun bara ban ga ya shiga lambu da takalmi ba. Na ce tun yaushe? Wai tun damina biyu da suka wuce abu ke yi masa hazo, mutum yana ganinsa, bishiya yana ganinta, amma ƙaramin abu ya ɓace. Da ƙafa yake ban-ruwa. In ya taka fangali ya ji sanyi da laushi, ya san ya sha. Yanzu na kawo abin da ke barin sama a bushe ƙamas, ƙafarsa tana ce masa babu ruwa, idonsa ba ya iya ƙaryata ta. Ya ce, "Kar ki gaya wa yayanki."

Haushi nake ji har yanzu, kar in yi ƙarya. Shekara biyu! Mai Albasa ya sani, ni 'yar cikinsa ban sani ba. Kuma haushin takardar koyarwarmu nake ji, shafi takwas, ko'ina "manomi zai ga", "manomi ya duba". Ni ma haka nake karanta wa mutane kamar aku. Tsofaffi nawa ne a lambunan nan goma sha tara suka ce min "to, to"?

Talata, 25 ga Fabrairu

Na yayyaga tsohon zanena na ɗaura ƙyalle a gefen kowace huda, ɗari biyu da wani abu, bayana kamar zai karye. Yanzu hannunsa na bin tiyo, in ya taɓo ƙulli sai ya nutsa yatsa a gindin shukar. Na farko ya nutsa har gaɓa biyu, ya ciro, ya murza, ya kai hanci. Ya wuce na biyu, na uku, har ƙarshen layi, ni ina biye da shi kamar jela. A can ya ce, "Na nan bai kai na can sanyi ba." Na duba, ashe tiyon ya lanƙwashe a bayan wani dutse. Sati uku ina wucewa ta wurin da idona biyu.

Ban ce ya yi gaskiya ba. Na dai gyara. Ƙusar kuma na ce ya ba ni, ya ce tasa ce.

Lahadi, 2 ga Maris

Yaya ya zo, da farin takalminsa, yana tsallake tiyo kamar maciji ne. Tattasai ya fara fure, ban da gurbin tushe taran nan. Nan ya tsaya. Ya ga ɗaure-ɗauren roba, ya ga tsummoki, ya ce wane irin aikin banza ne wannan, wa ya lalata kaya sababbi? Baba yana tsaye a bayansa, hannu a aljihu.

Na ce ni ce. Na ce wajen haɗawa na yi kuskuren huda, tsummokin kuma alama ce ta aikina. Yaya ya wanke ni tas, wai an kai ni makaranta an yi asara, wai in ban iya ba in bari. Na tsaya na sha, ni da ko a gida ba a faɗa min ɗaya ban rama biyu ba. Da ya gaji ya ce to, a ga yadda kakar za ta kasance, masu bulo su jira.

Don tattasan na yi, ba don kowa ba. Kuma Alhamis zan kai shi asibitin ido ko yana so ko ba ya so, na gaya masa, ya ce ba ya zuwa, na ce za mu gani. Da zan tafi ya rako ni har bakin shinge, abin da bai taɓa yi ba, wai in kula da hanya akwai rami. Ramin yana ɗaya gefen. Na ce to, Baba, na gani.