Damin Gero a Ajin Turanci

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya zaman Fatakwal? Mu nan Kwandiko lafiya lau, Baba da Inna suna gaishe ka.

Albishirinka, ajina na Turanci ya tsira. Ka san hedimasta ya ce zai karɓe shi daga hannuna, don yaran sun haddace kalmomi amma haɗa jimla ya gagare su. Abin ya ci mini rai, sai na ari damin gero a rumbun Inna na kai aji. Na tambaye su, wa ke kai gero rumbu zangarniya ɗai-ɗai? Suka ce ai ɗaurewa ake yi. Na ce haka jimlar Bature take: a ɗaure kalmomin mai aikin a dami guda, na aikin a wani, na wurin a wani, sannan a jera.

Makon jiya mai duba makarantu ya zo. Hadiza, yarinyar da ba ta ko ɗaga kai a aji, ta miƙe ta jera masa doguwar jimla ba gargada. Hedimasta ya dube ni ya ce, "Malama, riƙe ajinki."

A taya ni da addu'a, a gaishe da kowa. Inna kuwa ta ce tunda geronta ya gama koyarwa, in dawo mata da shi.

Ƙanwarka,
Bilkisu