Furen da ke kafaɗar Balki

Yaya Hajo,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki, yaya Alhaji da yara? Mu nan Bagudo lafiya lau. Da hannuna na rubuta, don ba zancen da zan sa wani ya rubuta mini ba ne.

Balki ta dawo daga koyon ɗinki a Benin da zanen fure a kafaɗa. Na ɗauka baƙin lalle ne. Kwana uku ina dirza mata lemun tsami da toka har fatar ta yi ja, sannan ta ce cikin kuka, "Inna, bari. Da allura aka yi, ba ya fita."

Ranar kasuwa kuma na ga hotonta a takardar samfurin ɗinki da tela ya manna, kafaɗar a waje, mata suna nunawa. Na ja mayafi na rufe fuskata. Da aka watse na roƙe shi ya ɓamɓare mini, ya ce, "Hajiya, har Zagga kowane tela yana da irinta."

Babanta bai sani ba, kuma jibi zai kai ɗinkin Sallah wurin telan nan.

Ki sa mu a addu'a, Yaya. Ki gaishe da kowa, amma kada ki karanta musu wannan.

Ƙanwarki,
Asabe