Layukan Bangon Zaure

Paraku, 1 ga Maris

Ƙanwata Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ki gaishe mini da Inna da kyau, da fatan gwiwar tata ta yi sauƙi. Na ba direbanmu Boureima wannan takarda ne saboda in na kira waya kina katse ni da surutu kafin in kai ƙarshen magana.

An sami mai sayen gidanmu na Zongo. Sunansa Malam Muhuyi, Bakano ne, yana sayar da atamfa wajen unguwar Tokpa-Hoho, bai fi wata biyar da zuwa Kwatano ba. Yana son wuri kusa da masallaci don ya zauna da iyalinsa. In aka gama ciniki kafin damina, za mu rufa ɗakunan nan biyu na filinmu a tudun Kalavi, Inna ta koma can, ta huta da kwana cikin ruwa.

Abu ɗaya nake so. Ki sa a shafa fenti a bangon zaure, inda marigayi Baba ya yi ta jan layi da ƙusa duk shekarar da ruwa ya shigo. Ba cuta ba ce, gyara ne. Kuma mutumin ya ce zai yi wa gidan asurans, wato inshora, takardar ma ta ambaci ɓarnar ruwa. Ranar Asabar zai zo dubawa.

Yayanki,
Idrisu

Zongo, Kwatano, 10 ga Maris

Yaya Idrisu,

Wa alaikumus salam. Inna tana amsawa, ta ce in tambaye ka ko Paraku ta ƙara nisa ne. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta. Ni kuwa na gode da shaidar surutu, ga shi zan yi maka shi a rubuce.

Na sayi fentin, shuɗi, yana nan bayan ƙofa ban buɗe ba. Na tsaya gaban bangon da niyyar kiran mai shafawa, sai na kama karanta shekarun da Baba ya rubuta gefen kowane layi. Ga na shekarar da aka haife ni, iya idon sawu. Ga na shekarar da akuyar Inna ta kwana uku kan rufin kicin. Ga babban nan na 2010 da ya kai mini ƙirji. Uku na ƙarshe ni na ja su, bayan rasuwarsa. Ina cikin haka har Asabar ta zo ban yi komai ba.

Malam Muhuyi mutumin kirki ne, Yaya, abin da ya dame ni ke nan. Ya sauka daga zem, acaɓarmu ta nan, da 'yarsa Ikram, shekararta huɗu. Da shigowarsa ya yi tuntuɓe da dokin ƙofarmu, ya yi dariya ya ce, “Ku mutanen Kwatano, ƙofa kuke ginawa ko katanga?” Ban gaya masa dalilin da ya sa muke ƙara bulo ɗaya duk 'yan shekaru ba.

Sai ya ga bangon. Ya matsa kusa, ya bi layukan da yatsa, ya ce, “Allah sarki! Mahaifinku tsawon yara yake aunawa? Haka kakana yake mana a jikin ƙyaure. Ashe gidan nan ya ga 'ya'ya da yawa.” Ya jingina Ikram da bango ya ce ta miƙe sosai a ga wa ta kamo. Ta ɗaga dunduniya tana dariya. Layin 2010 ya wuce kanta da fiye da taƙi guda. Ya juyo ya roƙe ni kada a shafe, wai albarkar gida ce.

Ka ga ba ma sai an ɓata fenti ba. Ban gyara masa ba, na kawo masa ruwan sha.

Maganar asurans kuma, ya bar mini kwafin takardar, na kai wa Karimatou ta gidan Alhaji Rafiou, wadda ke aiki a wani ofishin inshora a unguwar Sainte-Rita. Ta ce kalmar Faransancin da aka fassara masa da ɓarnar ruwa, nufinta famfo ya fashe ko rufi ya yi yoyo. Ruwan da ya taso daga kwata ya shigo ta ƙofa sunansa daban, kuma ba ya cikin takardar. Ta nuna mini taswirar meri, wato hukumar gari, lungunmu yana cikin inda aka shafa wa launin wuraren ambaliya. Ta ce irin wurin nan kamfaninsu ba ya ma son jin sunansa.

Ranar nan ban iya cin abinci ba. Ka gaya mini yadda zan yi.

Ƙanwarka,
Hadiza

Paraku, 14 ga Maris

Hadiza,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki sau biyu.

Ba ki yi ƙarya ba. Shi ya gani da idonsa, shi ya fassara. Kowa a Kwatano ya san da damina ake duba gida, in shi bai tambaya ba laifin wa? Kuma namiji ne mai ƙarfi, zai ƙara bulo, zai ɗaga gado, kamar yadda kowa yake yi a lungun.

Ki tuna bara. Ke kika gaya mini Inna ta yi kwana uku a kan teburin ɗinki, tana salla a zaune, ƙafarta ta kumbura. Ina nan ina kallon ruwan da ke sauka a kanmu, na san shi ne zai gangaro muku ya cika tafkin Kwatano, kwatocinku su rasa inda za su zuba, kuma ba abin da zan iya. Ban taɓa gaya miki ba, amma na yi kuka a tasha gaban yaran mota. Ba zan sake ba. Shekarar Inna saba'in da huɗu. In ta zame cikin ruwan nan sau ɗaya, shi ke nan.

Ina tausayin yarinyar, amma tana da uba. Inna mu kaɗai gare ta. Ranar Alhamis ta sama za a sa hannu wurin noter, mai hatimce takardun ciniki. Ki riƙe bakinki kwana tara kawai, don Allah.

Idrisu

Zongo, 20 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ka, ina kuma neman afuwarka tun kafin ka karanta.

Wallahi na yi niyyar bin maganarka. Kwana biyar na riƙe bakin nan, kai ma ka san ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Jiya da hantsi Malam Muhuyi ya zo gaida Inna, ya kawo mata turmin atamfa. Ikram ta wuce mu da gudu ta je ta manne da bango, wai a duba ko ta ƙaru. Uban ya hango ƙusar Baba cikin gwangwani a kan taga. Ya ɗauka, ya ɗaga murya wajen ɗakin Inna ya ce, “Hajiya, in kun yarda zan sa nata layin kusa da na 'ya'yanku, tunda ita ma ta zama 'yar gida.”

Ya ɗora ƙusar daidai kanta. Ban san lokacin da na ce, “Malam, tsaya. Waɗannan ba yara ba ne. Ruwa ne.”

Bai gane ba sai da na maimaita. Na nuna masa ɗaya bayan ɗaya, na gaya masa dalilin dokin ƙofa, na gaya masa abin da Karimatou ta ce kan takardarsa. Ya sa tafin hannunsa a kan yarinyar, ya ɗaga shi a hankali har zuwa layin sama, ya tsaya yana kallon tazarar. Sannan ya mayar da ƙusar cikin gwangwani, ya ɗauki 'yarsa ya saɓa a kafaɗa, ko da yake ƙasa a bushe take ƙayau. A bakin ƙofa ya ce, “Allah ya saka miki.” Da yamma ya aiko cewa ya fasa.

Inna tana daga ɗaki tana jin komai. Na shiga ina jiran faɗa. Ta ce, “Da kin bari ya ja layin nan, da ba zan iya barci a Kalavi ba.” Sai ta ce in miƙo mata man zafi.

Ban ce na yi daidai a kan Inna ba, Yaya. Ina jin tsoron da kake ji, ni ce ma zan gan shi da ido. Jiya hadari ya fara haɗuwa ta wajen teku, kuma ba mu da Kalavi bana. Na hana mahaifiyarmu busasshen ɗaki saboda 'yar wani. Na san haka, kuma da za a sake, abin da zan faɗa ke nan.

In za ka yi fushi ka yi da ni, amma ka rubuto.

Ƙanwarka,
Hadiza

Paraku, 24 ga Maris

Hadiza,

Na yi fushin, kwana biyu, ya ishe ni.

Na kwashe kayana daga ɗakin gaba, matata Saude ta share ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Boureima zai zo da mota ranar Lahadi. Ki gaya wa Inna Paraku ba ta ƙara nisa ba, ta zo ta zauna da mu har ruwa ya janye. In ta ƙi, ki sa mata surutun nan naki har ta yarda.

Fentin ki shafa wa ƙofa. Bangon kuma ki bar shi. In ruwan bana ya zo, ki ja layinsa, ki sa shekara yadda Baba yake yi. Amma wannan karon ki rubuta RUWA a gefe, da manyan baƙaƙe, yadda baƙo zai gane.

Yayanki,
Idrisu