Ayuba da GraphQL ɗinsa

Laraba, bayan isha'i.

Yau ma mun tashi ofis ba mu tsayar da magana ba. Manhajar da muke haɗa wa manoman riɗi na Doma, ta wace hanya za ta riƙa magana da sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan? Ni na ce REST, don mu uku, har da Oganmu, duk mun iya ta. Ayuba abokin aikina, wanda har watan jiya REST yake yabo, ya kafe sai GraphQL.

"Malam Sani, abin da waya ta nema kawai za a turo mata, datar manomi ba za ta ƙone ba," in ji shi. Gaskiyarsa. Amma manhajar shafi uku ce fa: farashi, masu saye, wurin awo. Me zai cinye data a nan? Oga dai ya kusa yarda, don Ayuba ya iya baki.

Da na je aron caja a teburinsa, idona ya faɗa kan kwamfutarsa. Tallar aiki ce a Abuja, ana neman wanda ya taɓa aiki da GraphQL. Na ɗauki cajar na koma teburina ina tunanin ko shi ya sa ya kafe. Ƙila zato ne kawai, Allah ya yafe mini.

Gobe a gaban Oga zan tambaye shi: in riɗi ya shigo kasuwa manhaja ta tsaya, wa zai gyara? In ya ce shi, sai ya kalli idona ya ce min kakar riɗi za ta same shi a nan Lafia tare da mu.