Lotsawar Malfar Sufeto

Litinin, 3 ga Maris

Na dafa malfar surukina. Haka zan rubuta, don haka aka yi.

Tun da aka sallame ni daga gadi nake sayen tsofaffin malfunan ulu a gwanjo, in turara su a bakin buta, in kifa su a gindin tukunya, in rage baki ko in naɗe shi, su fito sabon yayi. Yau kaya sun ƙare, hannuna yana ƙaiƙayi, sai ga malfar Sufeto, surukin nawa, a ƙusa, shi kuma yana barcin hantsi. Goshinta a lotse kamar an taka. Na ce bari in yi wa tsoho gata. Na turara, na miƙe lotsawar, na kifa ta a tukunyar miya ta bushe. Ta fito sumul, zagayayya. Ban tuna kan mutum ba tukunya ba ne sai da na gama yabon kaina.

Talata, 4 ga Maris

Ya sa ta, ta tsaya masa a tsakar ka kamar murfi. Ya cire ta da hagu, don hannun dama ya mutu tun ciwon da ya dawo da shi gidanmu.

"Ta wane ce wannan?"

"Taka ce, Baba. Gyarawa na yi."

"Injiniya, ina tawa?"

Injiniya yake ce mini tun ranar da na gyara masa rediyo ta daina magana. Ni da ko firamare ban ƙarasa ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Uwar yara ta ƙwace tukunyarta. Kwanon abincina ma dangwarar da shi take yi, har cokali ya yi tsalle.

Asabar, 8 ga Maris

Ya daina fita. Da kullum safe yana bencin ƙofar mai aski, yana jingine sanda, ko da hagun ne ya taɓa bakin malfa idan an wuce. Yanzu ya ce ba zai fita kai tsirara ba. To ina ya koma? Kujerata. Ya wuni yana kallona. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana duba tikiti a jirgin ƙasa, yau ni yake dubawa kamar na hau ban biya ba.

Na kai masa wadda ta fi kyau cikin nawa, baƙa mai zare a gindi. Ya karɓa ya yi godiya. Da na dawo ɓawon lemo na tarar a ciki.

Allah ka gani.

Laraba, 12 ga Maris

Babbar 'yata ta tsare ni a bakin famfo. Ta ce, "Baba, ka san mene ne wannan lotsawar?" Na ce tsufa ne. Ta ce yatsun Kaka ne, na hannun dama. Nan yake kamawa ya ɗaga wa fasinja, tun kafin a haifi mamarta. "Hannun ya tafi, wurin yatsun ne ya rage masa. Shi ka goge."

Na ce ke kuma wa ya tambaye ki? Ina biyan kuɗin makaranta don a zo a yi mini lacca a bakin famfo.

Ban ci abincin rana ba. To, na ci kaɗan.

Lahadi, 16 ga Maris

Na yi dabara. Na sake turarawa, na matse goshin da yatsuna, na maƙale da abin shanya har ta bushe. Wallahi ta yi kama. Bai ko kalla ba, shafawa kawai ya yi.

"Wannan tsunkulin mai yankan aljihu ne, ba gaisuwa ba."

A gidana! A kujerata! Saura kaɗan in jefa ta cikin murhu, sai na tuna uwar yara na tsaye a wurin.

Juma'a, 21 ga Maris

Babu tukunyar da ta yi kan Sufeto, don haka kan nasa na nema aro. Na turara malfar ta yi laushi, na bari ta ɗan huce, na ɗora masa, na riƙa dannawa da tafin hannu tana bin ƙeya da goshi. Ban taɓa taɓa kan surukina ba. Ƙarami ne ashe. Duk wannan baƙar maganar daga ɗan wannan kan take fitowa.

"Ka ƙona ni, in kira 'yata."

"Ka motsa, Baba, ta fito kamar kwano, ba ruwana."

Bai motsa ba har ta bushe. Yanzu ta zauna daram. Na ce to mun rabu lafiya? Ya ce saura lotsawa, kuma tururi ba ya yin ta, gaisuwa ke yi. Hagunsa ba ta iya ba, ita ta sanda ce. Hannun da ya goge ta, wato nawa, shi zai mayar da ita.

Na yi dariya. Ni kaɗai na yi.

Talata, 25 ga Maris

Mun fita. Ina tsaye a damarsa kamar dogari, duk wanda ya wuce in ɗaga masa malfar daga kan Sufeto in mayar. Mai aski ya yi dariya har ya ajiye almakashi: "Sufeto ya sayi sabon hannu a gwanjo!" Mai burodi ya wuce ya dawo, ya sake wucewa, don mugunta.

Shi kuwa tsoho sai gyara yake yi. "Babban yatsa nan. Ba fizga ba, Injiniya, ɗagawa. Mace ce, ƙara sama." Da wani tsohon abokin aikinsa ya tsaya, na ɗaga kafin ya ce komai. Ya dube ni ta gefen ido, bai yi mini gyara ba. A wajen Sufeto wannan lambar yabo ce.

Da yamma na duba goshin malfar a bakin taga. Ko alama babu. Na tambaye shi yaushe za ta lotsa. Ya ce tasa ta farko shekarun aikinsa duka ta ci, ya ga kuma hannuna bai kai nasa ba.

Sabon kayan gwanjo na nan a buhu ban kwance ba. Na goge masa malfar kafin in rataye, ƙura ce kawai ta dame ni. Gobe da safe akwai bencin mai aski. Har yanzu ana bina lotsawa.